Mai Feshi da Kyankyasan Gidan Burodi

A unguwarsu, in ka tambayi gidansa da sunansa na yanka, sai dai a yi ta kallonka. Amma ka ce Basaura, nan take za a nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti kusa da shagon aski. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa. Duk gidan da ya gama yi wa feshin maganin ƙwari, sai ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya dubi masu gida ya ce, "Shi ke nan, ba saura." Tun ana maimaitawa ana dariya har ya bi shi.

Ba da burin feshi ya tashi ba. Ya fara koyon kafinta, zarto ya ci masa kan yatsa, ya bari. Ya gwada tuƙi, mai koya masa ya ce mota da katanga ba sa zama lafiya in yana kusa. Yana cikin wannan gantali kawunsa, wanda ke yi wa wani babban sito feshi, ya kwanta ciwo. Ya kira shi, ya nuna masa tankin goyo da ke jingine a lungu, ya ce, "Ɗauki. Wannan ba ya yanka, ba ya karo." Ranar da ya fara saɓa tankin yana da shekara ashirin da shida, bai kuma ajiye shi ba har gashin kansa ya yi fari. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama saboda igiyar tankin, har matarsa, wadda tela ce, ta koyi yanka masa riga da la'akari da wannan karkacewa.

Da tankin nan ya yi aure, da shi ya raini 'ya'ya biyar. Mutum ne mai tsari. Ba ya haɗa magani da ƙiyasi, yana da ɗan kofin awo da ba ya barin kowa ya taɓa. Ya san inda ƙwari ke ɓuya kamar shi ya gina musu: bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, cikin tsagar ƙofar kabad. In ya dawo gida, matarsa ba ta barinsa ya shiga ɗaki sai ya tuɓe kayan aiki a tsakar gida ya yi wanka. "Ni ba kyankyaso ba ce," in ji ta, "kada ka kashe ni."

A cikin duk wuraren da yake aiki, babu wanda yake alfahari da shi kamar gidan burodin da ke bayan tasha. Matar da ke riƙe da shi ana ce mata Uwar Tanda, mace mai jiki da murya, wadda ta gaji wurin daga mijinta. Shekara ashirin da biyu Basaura yana yi musu feshi a ranar da ake hutar da tanda. Da farko sau ɗaya a wata uku ya isa. Washegari sai ma'aikata su share ƙananan kyankyasai masu ruwan ƙasa cike da abin kwashe shara. Daga baya aka koma wata biyu-biyu, sannan wata-wata. Bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe, fulawa ta ƙaru, ƙwari suka biyo.

Wata safiya, kwana ɗaya bayan ya yi feshi, Uwar Tanda ta aiko a kira shi. Ya same ta tsaye a ɗakin kwaɓi, hannu a ƙugu. Ba ta amsa gaisuwarsa yadda ta saba ba. Ta ja ƙofar kabad ɗin da ake ajiye farantan gashi, ta ce, "Baba Basaura, leƙa."

Ya leƙa. Warin maganinsa na nan, har yana hawa kai. A kan katakon da ya jiƙa da hannunsa jiya, kyankyasai ne ke kai da komo, manya da ƙanana, ba gaggawa, kamar masu yawon shan iska. Wata ma ta tsaya tana goge gashin bakinta.

"Ruwa kake fesa mana yanzu?" in ji Uwar Tanda.

Maganar ta soke shi. Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa jifansa da ha'inci ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Uwa, bari in bincika."

Daga nan kai tsaye ya nufi shagon mai sayar da magani, ya dire gwangwanin maganinsa a kan kanta ya ce jabu aka ba shi. Mai shagon bai yi fushi ba. Ya ɓalle sabon gwangwani a gabansa, ya haɗa kaɗan, ya fesa wa jerin tururuwa da ke bin bango. Kafin a ƙirga goma sun murƙushe. Ya gwada na Basaura ma, haka.

"Maganinka lafiya lau," in ji mai shagon. "Sun saba ne kawai. Ƙara masa ƙarfi."

Basaura ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya zuba kofi biyu inda ake zuba ɗaya. Ranar ya dawo gida da jiri, ya yi amai a bakin kwata, ya kwana biyu kansa na sarawa. Ma'aikatan gidan burodi suka yi ta tari, aka wanke farantai sau uku kafin a kunna tanda. Kyankyasai kuwa wasu suka mutu, sauran suka ci gaba da sha'aninsu.

Daga nan kansa ya ɗaure. Kowa ya tambaya da irin amsarsa. Mai aski ya ce ai ƙwarin zamani wayo gare su, riƙe numfashi suke yi sai wari ya wuce. Matarsa ta ce wataƙila hannunsa ne ya tsufa, ba ya kai maganin lungu. Shi kuwa ya fi karkata ga cewa labari suke ba juna. Ya taɓa ganin biyu sun haɗa gashin baki, ya tabbata a ransa cewa ɗaya ce ke ce wa ɗaya ga mutumin nan ya zo. Sai dai in labari suke bayarwa, me ya sa ba sa gudu? Ai tsayawa suke yi a cikin maganin. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, ya rasa bakin zaren. Abinci ma sai an yi masa magana sau biyu yake sa hannu.

A haka autarsa ta same shi ranar Asabar da hantsi, ya yi tagumi a kan benci. Auta malama ce, tana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a ɗaya gefen gari. Ta saurari labarin tun daga farko, tana tambayar shekarun da ya yi yana fesa magani iri ɗaya a wurin. Ya ce sunan gwangwani yakan canja, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Maimakon ta jajanta masa, sai ya ga fuskarta ta washe.

"Baba, akwai gidan da ka sani ba a taɓa yi masa feshi ba?"

"Sai gidan yayata. Ciwon asma ba ya barinta ta ji ko warin turare."

"To ka samo min kyankyasai daga can, ka samo daga gidan burodi. Masu rai. Kowanne a kwalbarsa."

Ya dube ta. "Auta, ni kashe su nake yi, ba kamu ba."

Amma ya yi. Ya shafa man shafawa a bakin kwalabe ta ciki don kada su hauro, ya jefa ɓawon burodi, ya ajiye a lungu. Yayarsa ta bi shi da kallo yana fita da kwalba a hammata, ta ce wa jikarta ƙanin nan nata dai a riƙa sa shi a addu'a.

Asabar ta gaba suka zauna a inuwar tsakar gida da kwalabe uku. Auta ta jiƙa takarda biyu da maganin, awon da ya saba, ta sa ɗaya a kwalbar gidan gwaggonta, ɗaya a ta gidan burodi, kowacce da kyankyasai ashirin. Kwalba ta uku, ita ma ta gidan burodi, ba ta sa mata komai ba sai burodi da auduga mai ruwa. Ta ce a ɓoye wannan, kada ko warin magani ya kusance ta.

Kafin la'asar, na gidan yayarsa sun kife ƙafafu sama, in ban da guda ɗaya da ke ta zagaya gindin kwalba. Na gidan burodi uku ne kawai suka mutu.

"Ka gani?" in ji Auta.

"Na gani. Abin da mai shago ya faɗa ne. Sun saba."

"To mu jira kwalba ta uku."

Jiran ya ɗauki fiye da wata biyu. A cikin kwalbar akwai mata masu jan jakar ƙwai a bayansu. Suka ƙyanƙyashe, 'ya'ya suka fito ƙanana kamar ƙwayar gero. Auta ta kwashe su zuwa sabuwar kwalba, ta bar wa babanta kiwo. Kullum da safe Basaura, wanda ya yi rayuwarsa yana hallaka su, sai ga shi durƙushe yana canja musu auduga. Matarsa takan ɗago daga keken ɗinki ta ce, "Baban Auta, an gaida makiyayi. Yaushe za a fara tatsa?"

Da suka girma, Auta ta zo ta sa musu takarda mai magani. Suka zauna suna kallo. Awa ɗaya, awa biyu. Ƙwarin suka hau takardar, suka sauka, suka koma kan burodinsu. Biyu suka mutu, sauran ko gezau.

"Baba, waɗannan a gidan nan aka haife su, a hannunka. Yaushe suka taɓa shaƙar maganinka har suka saba?"

Can ya ce, "Iyayensu suka gaya musu."

"Mun raba su da iyayen tun suna ƙanana."

"To a nono suka sha."

"Kyankyaso ba ya shayarwa, Baba."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Auta ta tashi ta ɗauko rariyar mamanta, ta ɗebo yashi daga bakin katanga, ta tankaɗe a gabansa. Laushin ya zube, tsakuwa ta rage a sama.

"Rariyar nan ta koya wa tsakuwa girma?"

"A'a. Da ma da girmanta."

"To haka ne. Ka tuna guda ɗayan nan ta gidan gwaggo da ta ƙi mutuwa? Ba wanda ya koya mata. Haka aka haife ta, jikinta ya ɗan bambanta da na 'yan'uwanta, kamar yadda a cikinmu mu biyar wani dogo ne wani gajere. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a gidan burodi ma akwai irinta, ɗaya ko biyu a cikin dubu. Ka fesa, dubun suka mutu, su suka rage. Su suka haihu. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka dawo ka sake fesawa, masu rauni a cikin 'ya'yan suka tafi, masu juriya suka sake haihuwa. Su kuma a shekara guda sai su yi zuriya uku ko huɗu. Lissafa ka gani. Mu a aji muna ce wa wannan zaɓin yanayi."

"Zaɓe? Su ma ƙuri'a suke jefawa?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ba wanda ya zauna ya zaɓa. Wanda ya dace da halin da ake ciki shi ke rayuwa ya bar baya, shi ke nan. In hali ya daɗe a haka, sai jinsin gaba ɗaya ya sauya kama."

"To wane ne rariyar a nan?"

Matarsa ce ta amsa daga bakin ƙofa, zare a baki: "Kai mana."

Basaura bai yi dariya ba. Ya dubi kwalbar, ya dubi tankinsa da ke rataye a bango. Wato duk ranar da ya fita daga gidan burodi yana murna ya gama aiki, share wa mafi taurin kai fili ya yi, ya bar musu fulawa da ɗumi ba mai tsere da su. Ya ji kamar an ce masa ya shekara ashirin yana ɗebo ruwa yana zuba wa ciyawar da aka ɗauke shi ya nome.

"Tsaya," ya ce. "To ni fa? Na fi kowane kyankyaso shaƙar maganin nan. Me ya sa har yanzu yake sa ni amai?"

"Domin kai mutum ɗaya ne. Guda ɗaya ba ya sauyawa, zuriya ce ke sauyawa."

"To ku zuriyata, kun gaji juriyar?"

"Ba ka da ita balle mu gada. Sai da a ce an tara masu feshi dubu, magani ya kashe..." Ta ga yadda mamanta ke hararar ta, ta haɗiye sauran.

"To Wanda ya halicce su fa, ina aikinsa a nan?"

"Baba, wannan tambaya ta fi kwalbata girma. Ni dai abin da ke faruwa a ciki nake nuna maka, kuma ka gani da idonka."

Ya gani ɗin. Amma gani daban, zama a kai daban. In Auta na bayani sai ya ji abin ya shiga sarai, da ta hau mota ta tafi sai ya warware kamar bakin zani. Ya kwana biyu yana bitar maganar a ransa, sannan ya saɓa tanki babu komai a ciki, don bai iya tafiya aiki babu shi ba, ya nufi gidan burodi.

"Uwa, na gano," ya ce wa Uwar Tanda. "Laifina ne, amma ba laifina ba ne. Kyankyasan nan ni na tankaɗe su."

"Ka tankaɗe su?"

"Da ma can akwai tsakuwa a cikinsu. To da na kashe yashin, sai tsakuwar ta haihu."

Uwar Tanda ta juya ta dubi babban mai kwaɓinta, shi ma ya dube ta. Ta sassauta murya ta ce, "Baba Basaura, ka ci abinci yau? Ko maganin nan ne ya fara taɓa ka?"

Ya ga in ya ci gaba zai ƙara ɓata lamarin, sai ya bar bayani ya koma ga abin da ya iya. Ya roƙe ta wata uku. Ya faɗa mata abin da shi da Auta suka tsara: a toshe duk tsagar bango da siminti, a ɗaga buhunan fulawa kan katako nesa da bango, a gyara famfon da ke ɗiga, a share ƙasa kullum kafin a rufe. Shi kuma zai sa tarkon danƙo da maganin da ƙwari ke ci su mutu a lunguna, feshi sai in ya zama dole, kuma ba zai maimaita iri ɗaya sau biyu a jere ba.

"Wato mu za mu yi aikin, kai ka zo kallo," in ji ta.

"Kusan haka ne, Uwa."

Ta yi ƙwafa, amma shekara ashirin da biyu ba kwana biyu ba ce, ta yarda. Wata na farko ba a ga wani bambanci ba, har ta fara tambayar lambar wani kamfanin feshi. A wata na uku tarkunan suka fara fitowa da biyar, shida, maimakon su yi baƙi ƙirin. Ba su ƙare ba. Har yau in aka ja firji akan ga ɗaya ta ruga. Amma ba a sake samun su a kan farantan gashi ba, Uwar Tanda kuma ta koma amsa gaisuwarsa da fara'a.

Wasu gidajen ba su karɓi sabon salon ba. In bai cika ɗaki da wari ba, gani suke bai yi aiki ba. Wata mata ta ce masa ita feshi ta kira shi ya yi, ba wa'azin shara ba. Ya rasa gidaje da dama a haka, ya sami wasu. Tarin da ya daɗe yana damunsa ya ragu, ko da yake shi bai danganta shi da komai ba.

Abin da ya fi canjawa shi ne ya zama mai yawan tambaya. In suna tafiya da matarsa sai ya tsaya yana kallon ciyawar da ta fito a tsagar kwalta, ya ce ko mece ce ta tankaɗe wannan har ta iya zama a nan. Ya tambayi likita ko ƙwayoyin cuta ma haka suke yi da magani, likitan ya ce ƙwarai kuwa, shi ya sa ake cewa kada a sha barkatai. Wannan ya ƙara rikita shi, don ya ɗauka abin na kyankyasai ne kaɗai. Ya tambayi mai aski me ya sa wuyan wasu tsuntsaye ke da tsawo, mai aski ya ce ya sunkuyar da nasa a gama aski tukuna.

Ƙarshen zangon karatu Auta ta roƙe shi ya zo ajinta da kwalabensa. Ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi. Ya tsaya gaban ɗalibai arba'in, ya ba da labarin gidan burodi tiryan-tiryan, bai ɓoye kofi biyun da ya zuba ba. Da ya zo wurin dalili sai harshensa ya sarƙe, ya ce, "Nan kuma malamarku ta fi ni." Suka yi dariya, suka tafa masa.

Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu. "Baba, to wata rana za a kai lokacin da babu maganin da zai kashe su gaba ɗaya?"

Ya juya ga Auta yana jiran ta amsa. Auta ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ban sani ba. Masu bincike na fito da sabo, su kuma suna biyo baya. Ba wanda zai ce ga inda za a tsaya."

A hanyar fita, yana rungume da kwalabe a cikin kwali, ya tsaya a bakin ƙofar makarantar.

"Auta, da gaske ba ki sani ba, ko don kada ki kunyata ni ne?"

"Da gaske, Baba."

"Har waɗanda suka rubuta littafin?"

"Har su."

Ya jinjina kai ya daɗe. Bai san ko daɗi ya ji ko tsoro ba. Ya gyara riƙon kwalin, ya ce ta gaida maigidanta, ya tsallaka titi wajen masu mota, domin da azahar akwai wani ɗakin ajiyar littattafai da gara ta shiga, kuma tun jiya yake tunanin ta inda zai ɓullo mata.